Kaka Mai Gadin Zafin Kwamfuta

Ranar da aka yi wa Kaka addu'ar uku, ita da bakinta ta katse liman.

Ku tsaya in faɗi yadda aka yi, kafin wani ya ce na fara shara ƙarya a kan mamaciya. Kaka, mahaifiyar Ummanmu, ta rasu a ɗakinta a Kano, 'yan watanni bayan ta koma daga wajenmu. Na Allah ne mu duka, kuma gare shi za mu koma, ita dai ta riga mu isa. Mu kuwa muna nan Wangsa Maju, wata unguwa a ƙasar Malayawa, korona ta sake tsare hanya, babu halin tafiya. Don haka a gaban kwamfuta muka yi zaman makoki. Abba ya jawo teburin zuwa falo, 'yan ƙasarmu kaɗan suka zo suka zauna nesa da juna, kowa da takunkumi. A allo kuma ga dangi nan reras, kowa a ɗan akwatinsa kamar ƙwai a kiret. Can sassafe ne, nan kuwa rana ta take, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa.

Limamin unguwarsu Kaka ya ɗaga hannu, mun ɗaga. Ya kai tsakiyar addu'a ke nan sai wata murya ta fashe daga lasifika:

"Kai Maigida! Tukunya ta tafaso! Sauke ta, sauke ta, kada ka ƙona mana gida!"

Inna ƙarama, ƙanwar Umma, ta yi wurgi da wayarta, muka koma kallon silin ɗin ɗakinta. Kawu ya ce, "La'ilaha illallahu! Wa ya bar Hajiya a kan layi?" Liman bai sauke hannu ba, jarumi ne, amma sauran addu'ar a guje ya ƙarasa ta. Ƙanwata, wadda ba ta cika shekara bakwai ba, ta amsa da ƙarfi, "Na'am, Kaka!" Makcik, tsohuwar Bamalayiyar da ƙofarta ke kallon tamu, ta dafe ƙirji tana dariya tana hawaye tana cewa, "Nenek lah, Nenek!", wato Kaka ce, Kaka ce.

Ba fatalwa ba ce. Kwamfutar ce ta ɗauki zafi saboda yawan fuskokin da take ɗauke da su, manhajar da ke lura da zafinta kuma ta buga ƙararrawa. Ƙararrawar kuwa muryar Kaka ce.

Kowa ya yi dariya daga baya, har liman. Umma ce kawai ba ta yi ba. Ta tashi ta shige kicin ta hau wanke tukwanen da ta riga ta wanke. Tun da aka yi rasuwar ba ta yi kuka ba, girki kawai take yi, har firji ya fara roƙon a tausaya masa. Da na shiga ɗaukar kofuna na ji tana ce wa matar abokin Abba, a hankali, "Ni fa har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. 'Waccan' nake. Na san kunyar 'yar fari ce, na sani. Amma da sau ɗaya ma..." Sai ta buɗe famfo da ƙarfi.

Da baƙi suka watse Abba ya kira ni. "Ka cire muryar nan kafin Juma'a. Mahaifiyarka ba za ta iya ba."

Na ce to. Amma akwai abin da Abba bai sani ba. Muryar Kaka biyu ce a cikin kwamfutar nan. Ta farko kowa ya ji ta. Ta biyun, ni kaɗai na san da ita, kuma a cikinta akwai abin da Umma ta ce ba ta taɓa ji ba. Matsalar ita ce na yi wa Kaka alkawarin ba zan danna ta da hannuna ba. Kafin in kai ku can, sai kun san wace ce Kaka.

Jegon ƙaramin ƙanena, Auta, ne ya kawo ta. Ta sauka da akwati biyu, ɗaya na kaya, ɗaya na daddawa da kuka da kanwa da yaji da wani maficin kaba mai jan baki. Na rantse da aka buɗe akwatin nan sai da kuliyoyin benenmu suka yi taro. Niyyarta a yi arba'in ta juya. Sai aka rufe ƙasa, ta shekara da mu har da ɗoriya.

Ni take kira Maigida, ni kuma ina ce mata Tsohuwa. Kullum da safe sai ta ce, "Maigidan da ba ya cefane, an tashi?" In ce, "Tsohuwa, haƙoran nan uku suna nan ko ɗaya ya yi hijira?" Ta ce, "Suna nan, kuma sun isa su cije ka."

Abba ne ya sha wuya. Gidanmu ɗan ƙarami ne, lungu ɗaya ne daga falo zuwa ɗakuna, ga shi suruki da suruka ba sa haɗa ido. In suka yi kiciɓis a lungun, Abba ya durƙusa yana gaida bango, ita ta juya tana amsa wa ƙofar banɗaki. Umma kuwa "waccan" ce. "Maigida, ce wa waccan gishirinta ya yi yawa." Alhali waccan tana tsaye kusa da ita, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Lokacin ko'ina ka je sai an auna goshinka. Kaka ba ta yarda a auna ta a wuce. A ƙofar kedai, kantin da ke ƙasan benenmu, sai ta kama hannun mai gadi ta leƙa lambar. "Talatin da shida? Jiya ɗan'uwanka ya ba ni da bakwai. Maigida, tambaye shi ina ya kai ɗayan."

Amma da jego ya ƙare, Auta ya yi ƙwari, sai Kaka ta yi sanyi. Matar da a Kano ita ce mai dafa ruwan wankan kowace mai jego a layinsu, ga ta a saman bene babu wanda ke neman ta da komai. Sai ta zauna a taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu fasinja. Ko tsokanata ta daina ramawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kwamfutar ce ta dawo mana da ita. Ni da Abba muka harhaɗa ta da kayan gwanjo. Shi yana lissafin bincikensa na digirin dakta a kanta, ni ina karatun makaranta, in ya juya baya kuma in yi abin da ya fi karatu muhimmanci. Akwai wata manhaja ta gwajin ƙarfi da ni da 'yan ajinmu muke gasa da ita. Tana sa kwamfuta gudu iya ƙarfinta na 'yan mintoci, sannan ta ba ta maki. Nawa makin kullum ƙasa yake yi. Gwajin farko da dama-dama, na biyu ya ragu, na uku abin kunya. Sai na saka manhajar da ke nuna zafin kowane sashe da gudun kowace fanka, don in gano ɓarawon.

Ina cikin hararar allo sai na ji numfashi a wuyana.

"Wannan jar lambar fa?"

"Zafin ƙwaƙwalwarta ne, Tsohuwa. In ta yi zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa take faɗuwa jarrabawa."

"Nawa ne yanzu?"

"Tamanin da biyar."

Ta yi salati. "Mutum a talatin da takwas an hana shi shiga kanti, ita tana tamanin da biyar kana ba ta jarrabawa? Kai wane irin azzalumi ne? Matsa."

Ta jawo kujera, ta kafa baya-bayan hannunta a jikin akwatin kamar goshin jariri. Daga ranar ta samu aiki. Ba ta karanta boko, amma lamba ba ta ɓace mata, ja da kore kuma ko akuya ta san su. Takan ce, "Zafi ba ya kisa, rashin mai lura ne ke kisa." In Abba yana lissafinsa, tana can gefe da carbi, ido ɗaya a kan lamba. Da ta ga ja sai ta yi gyaran murya ta ce wa labule, "A gaya wa masu aiki majinyaciya tana neman hutu."

Rigimarmu ta farko da manhajar ita ce ranar da na saka ta biyu don in tabbatar da gaskiyar ta farko. Sai suka hau musu. Ta dama ta ce hamsin, ta hagu ta ce ɗari da ashirin da bakwai. Can kuma ta dama ta ce fanka ta tsaya cak, alhali fankar tana busa wa Kaka iska a ƙafa. Na kashe na kunna, na cire waya na mayar, na karanta surutun mutanen intanet har idona ya yi ruwa.

Kaka ta ce, "Likita biyu a kan majinyaci ɗaya? Sallami ɗaya."

"Wanne?"

"Na hagun. Idonsa ma na maƙaryata ne."

Daga baya na gano dalili. Su biyun suna tambayar ma'auni ɗaya a lokaci ɗaya, amsar sai ta cakuɗe, kamar mutum biyu su fizgi ludayi guda. Kowanne ka rufe, ɗayan zai dawo hankalinsa. Na bayyana wa Kaka haka dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ai na gaya maka idonsa."

Babban faɗanmu kuwa a kan Maraya ne. A can ƙasan jerin lambobin akwai wani layi da kullum yake nuna sanyin da ya wuce na ƙanƙara, ɗari da wani abu ƙasa da sifili, ba ya motsi. Kaka ta tambaya, ni kuma bakina da ba ya zama lafiya na ce, "Wannan sashen mura yake yi." Na sauka sayo burodi.

Da na dawo na tarar an goya kwamfuta. Wallahi goyo sosai, da zanen atamfa, an ɗaure da majanyi, an toshe duk wata kafar iska, an ɗora mata hular sanyin Auta a ka. Ɗakin yana ƙamshin man zafi. Allon baƙi ƙirin. Lissafin da Abba ya bari yana tafiya tun safe ya tafi inda ba a dawowa.

Abba ba zai iya yi wa surukarsa faɗa ba, don haka ni ya yi wa, da ƙarfi, yana kallon bango. "Kai! Sau nawa zan ce maka na'ura tana buƙatar iska?"

Kaka daga bayan ƙofa ta ce, "Maigida, ka ce wa mai magana, wanda ya bar mara lafiya tsirara a ƙarƙashin fanka shi ne da laifi."

"Abba, wai an ce..."

"Na ji! Ka ce Allah ya huci zuciyar Hajiya, amma ba mura ba ce!"

"Tsohuwa, wai an ce..."

"Ni kurma ce?"

Haka na yi ta kai gwauro da mari a tsakanin mutum biyu da taku uku ya raba. Da ta gane ni na ƙirƙiro murar, sai ta yi mini yaji. Ta kwashe carbinta da maficinta ta koma baranda wajen shanya, ta ce ta bar gidana. Sai da na yi biko da roti mai ƙwai, wata irin gurasar nan garin, da shayi mai kumfa na mamak, wato masu shayinsu, na durƙusa na ce, "Tsohuwa, ki dawo ɗakinki, yara suna kuka." Ta cinye rotin tas kafin ta ce za ta yi shawara.

Na nuna mata gaskiyar Maraya: gurbi ne da aka tanada don ma'auni amma ba a haɗa masa komai ba, shi ya sa yake faɗin shirme. Na ce bari in ɓoye layin mu huta. Ta riƙe mini hannu. "Don ba shi da kowa sai ka kore shi? Bar shi ya zauna cikin 'yan'uwansa." Ita ta raɗa masa sunan, kuma kullum da safe sai ta duba shi. "Maraya yana nan?" "Yana nan." "To madalla."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da Abba zai kare bincikensa a gaban malamansa ta kwamfuta. Da safen nan babbar fankar ciki ta yi wani kuka kamar an taka agwagwa, ta mutu. Shagunan gyara duk a rufe. Na cire murfin gefe na kafa mata fankar tebur, sai ƙarar ta cika makirufo, Abba yana magana kamar daga cikin injin markaɗe. Lokaci ya matso, lamba ta fara ja, Abba yana gumi cikin babbar riga.

Sai ga Kaka da mafici. Ta zauna dirshan a ƙasa gefen teburin, inda kyamara ba ta kaiwa, ta juya wa Abba baya, ta fara fifita. Ni ina riƙe da waya ina nuna mata lamba da yatsu. In ta hau, ta ƙara wuta. In hannun dama ya gaji, ta koma hagu. Na miƙa hannu in karɓe ta, ta maƙe kafaɗa ta harare ni. Tun daga gaisuwa har malaman suka gama yi wa Abba tambayoyin ƙure, matar nan ba ta tsaya ba. Da aka ce ya ci, Abba ya juyo, ya rasa bangon da zai yi wa godiya. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Hajiya..." Ta miƙe tana dafa gwiwa ta ce, "Maigida, ka ce wa mutane ni don majinyaciya na yi." Kwana biyu Umma tana gasa mata kafaɗa, ita kuma tana ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ruwan bai yi zafi ba."

Da aka buɗe shaguna muka sayo sabuwar fanka, muka kakkaɓe ƙurar da ta isa a shuka gyaɗa, muka shafa wa ƙwaƙwalwar sabon man da ke taimaka mata fitar da zafi. Kaka ta ce ai da man kaɗanya aka sa da tuni an wuce wajen. Makina ya haura na duk 'yan ajinmu in ban da wani yaro ɗaya, wanda Kaka ta yanke hukuncin cewa satar amsa yake yi.

Da hanya ta buɗe aka sa ranar tafiyarta, damuwarta ɗaya ce. "Wa zai yi gadi? Kai in ka fara harbe-harben nan naka ko gobara ba ka gani." Na nuna mata cewa manhajar tana da ƙararrawa, in zafi ya kai inda aka ce sai ta yi ƙara. Ta ji ƙarar ta taɓe baki. "Wannan ɗan tsakon ne zai tsawatar maka? Sa tawa." Matar da ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ita ce ta gyara ɗaurin ɗankwali don za a ɗauki murya. Muka yi ta ɗauka tana sokewa. Wannan ta ce ta yi kama da mai tallan kifi, wancan ta ce babu isasshen tsoratarwa. Da ƙyar muka samu na tukunya.

Sai ta ga wani gurbi a ƙasa. "Wannan fa?"

"Ƙararrawa ta biyu ce. Sai zafi ya haura casa'in da biyar, tana dab da kashe kanta. Yanzu da muka gyara ta, har abada ba za a ji shi ba."

"Har abada?"

"Har abada, Tsohuwa."

Ta leƙa lungu. Umma tana kicin, ana jin ƙarar turmi. Ta tura ƙofa da ƙafa ta ce, "To danna. Bari in faɗi abin da ba za a ji ba." Da ta gama ta kama kunnena ta murɗa. "Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa danna shi da hannunka ba. In ta kai zafin da kanta, to Allah ne ya so."

Wannan alkawarin ne ya tsaya mini a wuya bayan addu'ar uku. In na cire, Umma ba za ta taɓa ji ba. In na danna, na ci amanar Tsohuwa, kuma na san ta, har a mafarki sai ta biyo kunnena. Ranar Alhamis da hantsi na samu Abba na zayyana masa komai. Ya shafa gemu. Sannan ya kwafe duk aikinsa ya adana a wani wuri, ya juyo ya ce, "Ta ce kada ka danna. Ta ce kada a rufa wa kwamfuta zane?"

"Ba ta ce ba."

"Ina zanen?"

Ta bar mana shi, da maficin. Mutumin da ya yi wa bango faɗa a kan iska, shi da hannunsa ya goya kwamfutar, har yana tambayata ko majanyin ya ɗauru. Na kunna gwajin ƙarfi. Lamba ta fara hawa. Tamanin. "Kai Maigida! Tukunya ta tafaso!" Casa'in. "Sauke ta, sauke ta!" Ta haura casa'in da biyar, muka kasa kunne. Shiru. Sai ɗif, allo ya mutu.

Abba ya ce, "Ko ka goge ta?"

Muka kwance goyo, muka jira ta huce, na shiga saitin ƙararrawa. Muryar tana nan. To me ya hana ta fita? Na bi layin a hankali, sai na gani. Kwanakin baya manhajar ta sabunta kanta, jerin ma'aunai ya sauya tsari, ƙararrawa ta biyu ta zame daga kan ƙwaƙwalwa ta koma kan Maraya. Tana can tana jiran ranar da ƙanƙara za ta tafasa.

Na ce, "Abba, in na mayar da ita wurinta, na danna ke nan?"

Ya ce, "Gyara daban, dannawa daban. Ni dakta ne, na ba ka fatawa."

Na mayar da ita wurinta, muka sake goyo. Na tura ƙanwata kicin, ta tafi tana ihu, "Umma, Umma, zo ki ga Abba ya goya kwamfuta!" Umma ta shigo da ludayi a hannu daidai lokacin da tukunya take tafasowa a karo na biyu. Fuskarta ta ɗaure. "Ba cewa aka yi a cire abin nan ba? Abban yara, har da kai?"

Abba ya ce, "Ɗan tsaya."

"In tsaya in ji me? Na ce ba na..."

Sai aka yi gyaran murya a lasifika. Ba irin ta tsawa ba, wata 'yar ƙarama. Sannan Kaka ta kira sunan Umma. Ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma ɗan fari ne, na san iyakata. Ta kira shi cikakke, ta sake kira, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo.

"Ke nake kira, ba waccan ba. Ni na zaɓa miki sunan nan tun kina ciki, sai ga shi kowa yana faɗa ban da ni. To yau na faɗa. Ki riƙa zama kina hutawa, gidan ba zai gudu ba. Miyarki ta fi tawa, gishirin ma daidai yake, neman magana nake yi. Allah ya yi miki albarka, na yafe miki duniya da lahira. Kai Maigida, kashe, kashe, kunya ta kama ni."

Kwamfutar kuwa, kamar ta ji umarni, ta yi ɗif.

Ludayin ya faɗi. Umma ta zauna a ƙasa, daidai inda Kaka ta zauna ranar fifita, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa. Ta yi shi sosai, har Makcik ta ƙwanƙwasa ƙofa. Can cikin kukan sai dariya ta ƙwace mata. "Gishirin daidai yake! Shekara nawa matar nan tana sa ni rage gishiri!" Ta share fuska, ta fizge zanen daga jikin kwamfutar, ta ɗauki maficin ta hau fifita. "Ku kuma ku ji tsoron Allah, kun kusa kashe mata majinyaciya."

Abba ya ce, "In kina so a sa miki a waya..."

"A'a. Ta ce kada a danna. Na ji, ya ishe ni." Ta nuna ni da mafici. "Kai kuma, ka taɓa muryar nan ka gani."

Juma'a ta zo ta wuce, ba a cire komai ba. Maraya yana nan cikin 'yan'uwansa. Har gobe in na yi nisa a wasa rana ta take, sai Tsohuwa ta daka mini tsawa a kan tukunya, Umma kuma ta amsa daga kicin, "An ji, Hajiya, yanzu zai sauke." Ni kuma in sauke, don yanzu su biyu ne a kaina.

Ya Allah, baiwarka ce da ta ƙare kwanakinta tana tsare wasu daga zafi, har da abin da ba shi da rai. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sanyaya makwancinta. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya ce amin da ƙarfi. Tsohuwa ba ta son addu'ar ɗan tsako.